ƘOFAR MAKEWAYI DA MUTUNCIN ƊAN ADAM

Darasi don nazari a Zumuntar Mata, ƙungiyar matasa da majalisar majami'a

Karatu: Farawa 1:26-28 da 3:21; Maimaitawar Shari'a 22:5 da 23:12-14; Matiyu 19:3-12; Yahaya 8:1-11; Ayyukan Manzanni 8:26-39.

GABATARWA

 Darasinmu na wannan karo ya shafi wani wuri wanda Bahaushe ba ya son kiran sunansa kai tsaye, shi ya sa ya yi masa sunaye da yawa: bayan gida, makewayi, banɗaki, masai, shadda. Ko da buƙata ta matsa wa mutum, ba zai ce komai ba sai "bari in kewaya" ko "bari in kama ruwa". Wannan kunya abu ne mai kyau, kuma da ita za mu bi wannan darasi. Amma kunya ba ta hana neman sani, domin abin da iyaye suka ƙi tattaunawa a zaure, 'ya'yansu suna jin sa a wayar hannu daga bakin waɗanda ba su da kunyar.

Shekaru kusan goma ke nan ana ta ja-in-ja a Amurka da Ingila a kan wannan tambaya: mutumin da aka haifa namiji amma yake rayuwa a matsayin mace, ko wadda aka haifa mace take rayuwa a matsayin namiji, wane makewayi zai shiga a makaranta, a asibiti, ko a tashar jirgi? An kafa dokoki, an soke wasu, an je kotu. Idan labarin ya iso mana, wasunmu dariya suke yi, wasu kuwa tsaki, a ce ai wannan rigimar Turawa ce. To, amma a tsaya a duba. Babban Mutum, a ƙaramar hukumar Baure ta masarautar Daura, gari ne na kan iyaka, hanyar Magarya da Damagaram ta bi ta nan, baƙi suna sauka suna tashi. A irin wannan gari, kamar sauran tashoshi da kasuwannin ƙasar Hausa, ba baƙon abu ba ne a ga ɗan daudu yana sayar da abinci tun safe har dare. Shi ma mutum ne mai ci da sha, buƙata za ta kama shi kamar kowa. In ya nufi ɓangaren maza, akwai masu yi masa ihu. In ya nufi ɓangaren mata, mata za su firgita, kuma suna da dalili. Ashe tambayar ta daɗe a ƙofar gidanmu, ba mu dai saba yin ta da ƙarfi ba ne.

1. MU FARA BAMBANCE KALMOMI

Yawancin zaluncin da ake yi a wannan batu daga cakuɗa abubuwa yake farawa. Akwai abubuwa huɗu da bakin jama'a yake haɗawa wuri ɗaya, alhali kowanne daban yake.

Na farko, mata-maza. Wannan shi ne wanda aka haifa da jikin da bai fito fili ba ko na namiji ne ko na mace, ko kuma bambancin ya bayyana sai lokacin balaga. Lamarin haihuwa ne, babu zaɓin kowa a ciki, ba laifin uwa ba ne, ba kuma aikin maita ba. Maƙwabtanmu Musulmi sun daɗe da sanin wannan, malaman fiƙihu suna kiran irin wannan mutum hunsa, har sun tsara masa hukunci a kan rabon gado.

Na biyu, ɗan daudu. Namiji ne da ya ɗauki salon maganar mata da karairayarsu da sana'o'insu, musamman girki da sayar da abinci. Da yawansu tufafin maza suke sawa in za su fita, kuma akwai masu mata da 'ya'ya a cikinsu. Sun daɗe a ƙasar Hausa tun kafin rediyo da intanet.

Na uku, waɗanda ake kira masu sauya jinsi. Jikinsu a fili yake, na namiji ko na mace, amma suna ji a ransu, ji mai tsanani wanda yakan daɗe, cewa su ɗaya jinsin ne. Wasu suna canza suna da tufafi kawai, wasu suna shan magungunan da ke canza murya da siffar jiki, wasu har a yi musu tiyata. Likitoci sun tabbatar cewa ƙuncin da irin waɗannan mutane suke ciki na gaske ne, ba wasan kwaikwayo ba.

Na huɗu, luwaɗi da maɗigo, wato sha'awa ko kwanciya tsakanin jinsi ɗaya. Wannan zance ne na daban. Wanda ya ga mutum yana tafiya da rangwaɗa ya yanke cewa ya san abin da yake yi a ɓoye, ya yi shaidar abin da idonsa bai gani ba.

2. YADDA RIGIMAR TA TASHI A ƘASASHEN WAJE

Kafin a fahimci gardamar, sai a san irin ginin. Makewayin jama'a a Amurka yawanci babban ɗaki ne guda, a ciki an jera ƙananan wurare da aka raba da allunan da ba su kai ƙasa ba, ba su kai rufi ba, ga wurin wanke hannu na kowa da kowa. A makarantu kuma akwai ɗakunan canza tufafi inda 'yan mata da yawa suke tuɓewa tare. Saboda haka wanda ya shigo ɗakin ya shigo cikin mutane ne.

A farkon shekarar 2016 majalisar birnin Shalot, a jihar Karolina ta Arewa, ta amince masu sauya jinsi su shiga makewayin jinsin da suke rayuwa a cikinsa. Ranar 23 ga Maris 2016 majalisar jihar ta mayar da martani da dokar da aka fi sani da HB2, Gwamna Pat McCrory ya sa hannu a ranar. Dokar ta ce a makarantu da gine-ginen gwamnati kowa ya shiga makewayin jinsin da ke rubuce a takardar haihuwarsa. Nan take ƙasar ta rabu biyu. Kamfanin PayPal ya fasa buɗe ofishin da zai ɗauki ma'aikata 400, hukumar ƙwallon kwando ta NBA ta ɗauke babban wasanta na 2017 daga Shalot, gwamnan ya faɗi zaɓe a Nuwamba 2016, kuma a ƙarshen Maris 2017 aka soke wannan sashe na dokar.

Maganar ba ta mutu ba. Kotunan ɗaukaka ƙara na Amurka sun saɓa wa juna: a 2020 wata ta ba wani ɗalibi na jihar Bajiniya gaskiya a kan makarantarsa, a Disamba 2022 wata kuma ta ba wata hukumar makarantu ta jihar Fulorida gaskiya a kan ɗalibinta. A 2023 Fulorida ta kafa dokar da ta sa ƙin fita daga makewayin ɗaya jinsin a ginin gwamnati, bayan an ce mutum ya fita, ya zama laifin da ake gurfanarwa a kansa. Ranar 20 ga Janairu 2025 Shugaba Donald Trump ya ba da umarni cewa gwamnatin tarayya jinsi biyu kawai ta sani. A Birtaniya kuwa, ranar 16 ga Afrilu 2025, Kotun Ƙoli ta yanke cewa kalmar "mace" a dokar daidaito ta 2010 tana nufin jinsin da aka haifi mutum da shi, tare da tunatarwa cewa wannan doka tana kare masu sauya jinsi daga wariya.

Adalci ya sa mu ji kowane ɓangare. Masu goyon bayan irin waɗannan dokoki suna cewa mata da 'yan mata suna da haƙƙin wurin da za su tuɓe ba tare da jikin namiji a kusa ba, musamman waɗanda aka taɓa yi wa fyaɗe, kuma in aka bar ƙofa a buɗe ga duk wanda ya ce shi mace ne, mugu zai iya fakewa da wannan. Masu adawa suna cewa wanda yake da shigar mata in aka tura shi cikin maza duka da cin mutunci ke jiransa, cewa wasu suna ƙin shan ruwa duk yini don kada buƙata ta kama su a waje, kuma cewa dokar ba ta da yadda za a aiwatar da ita sai da leƙe da tuhuma, har an sha tare matan da aka haifa mata a ƙofa don kawai suna da gajeren gashi ko kakkaurar murya. Duka ɓangarorin biyu abu ɗaya suke tsoro: a keta musu sutura a lokacin da ba su da ƙarfin kare kansu.

3. A NAN GIDA NIJERIYA

A ƙasarmu muhawarar doka ta fi karkata ga tufafi da aure. Kundin hukunta laifuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, a sashe na 405 ya lissafa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin 'yan zauna-gari-banza. Bayan da jihohin Arewa, har da Katsina, suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci daga shekarar 2000, matsin ya ƙaru a kan 'yan daudu, aka rufe wuraren da suke taruwa, wasu suka bar garuruwansu. A watan Agusta 2007 an kama maza 18 a wani otal a Bauchi bisa zargin shigar mata, da aka kai su kotu sai taron jama'a ya yi ta jifa. A Janairu 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi ɗaya, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu yin auren, da shekara 10 ga masu kafa ƙungiyoyinsu. Majalisar Bishop-Bishop ta Katolika ta Nijeriya ta yaba da kare ma'anar aure, amma shugabanta na lokacin, Akbishop Ignatius Kaigama, ya bayyana a Roma a Oktoba 2014 cewa abin da suka tsaya a kai shi ne aure tsakanin namiji da mace, ba farautar mutane ba.

A Afrilu 2022 wani ɗan Majalisar Wakilai daga jihar Bauchi, Muda Lawal Umar, ya gabatar da ƙudurin da zai hukunta shigar ɗaya jinsin da ɗaurin wata 6 ko tarar naira 500,000. Ƙudurin bai zama doka ba har wa'adin waccan majalisa ya ƙare a 2023. A Afrilu 2024, da kotu a Legas ta ɗaure Idris Okuneye, wanda aka fi sani da Bobrisky, wata 6 saboda wulaƙanta naira, tambayar da ta cika gari ita ce ɓangaren maza za a kai shi ko na mata, hukumar gidajen gyaran hali ta ce na maza. A Agusta na wannan shekara ta 2024 kuma aka tsinci gawar wani matashi da ya yi suna a intanet da shigar mata, an yar da ita a gefen titi a Abuja. Da yawa daga cikin masu sharhi a waya murna suka yi. Wannan murna ita ce abin da ya kamata ya tsoratar da Kirista.

Akwai kuma dokar da ake yawan mantawa da ita. Sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce kowane mutum yana da haƙƙin a mutunta shi, ya haramta azabtarwa da wulaƙanci, bai kuma ware kowa ba. Ko wanda ake tuhuma da laifi, alƙali ne zai yanke masa hukunci. Babu dokar da ta ba 'yan tasha ko 'yan unguwa izinin tuɓe mutum tsirara don su "tabbatar".

4. ABIN DA IKILISIYA TAKE KOYARWA

Koyarwar Ikilisiya a nan tana tsaye a kan ƙafa biyu, duk wanda ya ɗage ɗaya zai faɗi.

Ƙafa ta farko: jiki baiwa ce daga Allah. Littafin Farawa ya nuna cewa halittar ɗan Adam a matsayin namiji da mace tana cikin nufin Allah tun fil'azal, kuma Ubangijinmu Yesu ya koma ga wannan tushe da aka tambaye shi zancen aure a Matiyu sura 19. Katikizim na Ikilisiyar Katolika, a lamba 2333, yana kiran kowa ya gane jinsinsa ya kuma karɓe shi. A Afrilu 2024 ofishin koyarwar bangaskiya na Fadar Paparoma, da amincewar marigayi Paparoma Francis, ya fitar da takarda mai suna Dignitas Infinita, wato daraja marar iyaka. Takardar ta ƙi ra'ayin da ke cewa mutum shi ke zaɓar jinsinsa yadda ya ga dama, ta kuma ce tiyatar sauya jinsi tana barazana ga darajar da mutum ya samu tun daga cikin uwa. Amma ta ware mata-maza a fili: aikin da likita zai yi don gyara matsalar da aka haifi mutum da ita ba sauya jinsi ba ne. Haka nan Ikilisiya tana girmama kunya da kamun kai, don haka buƙatar mata ta samun wurinsu na kansu buƙata ce ta gaskiya, ba ƙiyayya ba.

Ƙafa ta biyu: darajar mutum ba ta zubewa. Ita wannan takarda ta 2024 ta yi tir da ɗaure mutane, da azabtar da su, da kashe su saboda yanayin sha'awarsu kawai. A ƙarshen 2023 wannan ofishi ya amsa wa wani bishop na ƙasar Barazil cewa wanda ya sauya jinsi, ko da an yi masa tiyata, ana iya yi masa baftisma bisa sharuɗɗan da ke kan kowa, muddin ba za a jawo abin tuntuɓe ko ruɗani ga masu bi ba. Paparoma Francis kansa ya sha karɓar irin waɗannan mutane a Fadarsa, har ya ci abinci tare da su a Ranar Matalauta ta Duniya a Nuwamba 2023, bai kuma canza koyarwa ko ɗaya ba don ya yi haka. Katikizim, daga lamba 2477 zuwa 2479, ya lissafa saurin zargi, da tona asirin mutum ba dalili, da ƙage, cikin zunuban da ke karya doka ta takwas.

Wani zai ce, ai Maimaitawar Shari'a 22:5 ta hana namiji sa tufafin mace. Gaskiya ne, kuma ba mu share wannan aya ba. Amma a buɗe sura ta gaba, 23:12-14, za a tarar Allah yana umartar Isra'ilawa su keɓe wurin kewayawa a bayan zango, kowa ya riƙe abin tona rami ya rufe abin da ya yi, domin Allah yana tafiya a cikin zangon. Wanda ya damu da tufafi, shi ne kuma ya damu kowa ya sami inda zai kewaya. A Farawa 3:21, bayan Adamu da Hawwa'u sun yi zunubi, kafin a fitar da su daga gonar, Allah da kansa ya yi musu tufafin fata ya suturta su. Hukunci bai hana sutura ba. A Yahaya sura 8 an jawo mace tsakiyar taro don a jajjefe ta. Yesu ya fara da sallamar masu duwatsu, sai da suka rage su biyu sannan ya gargaɗe ta ta bar zunubi. A lura da wannan jeri: kariya tukuna, gargaɗi daga baya, kuma ba a gaban 'yan kallo ba.

A Matiyu 19:12 Ubangiji ya ambaci waɗanda aka haifa babanni, ya nuna ya san akwai jikin da bai bi tsarin da aka saba ba. A Ayyukan Manzanni sura 8 kuma, ɗaya daga cikin 'yan Afirka na farko da aka yi wa baftisma baban ne, ma'ajin sarauniyar Habasha, mutumin da tsohuwar shari'a ta hana shiga taron jama'ar Ubangiji. Baban ba mai sauya jinsi ba ne, kada a haɗa su. Darasin shi ne Filibus ya hau karusarsa ya zauna kusa da shi, ya buɗe masa Littafi, bai tsaya binciken jikinsa ba.

5. HIKIMAR GIDAN BAHAUSHE

Yanzu mu dawo gida mu dubi makewayin da muka tashi da shi. A yawancin gidajenmu guda ɗaya ne, a can ƙuryar gida, maigida da uwargida da yara da baƙo duk shi suke shiga, ba a taɓa jin rigima ba. Dalili kuwa, mutum ɗaya yake shiga a lokaci ɗaya. Wanda ke ciki yakan rataya zane a kan katanga ko ya bar alama a bakin ƙofa, mai zuwa yakan yi gyaran murya, na ciki ya amsa da gyaran murya, sai a koma a jira. Ba a tambayar wane ne a ciki. Kakanninmu sun warware da ladabi abin da ya gagari manyan kotuna, domin sun gane cewa abin da mai kewayawa yake bukata shi ne kada a gan shi. A ƙasashen da ake wannan gardama ma, mafitar da ta fi samun karɓuwa a wurin mutane da yawa na ɓangarorin biyu ita ce ɗaki mai cin mutum ɗaya, mai bango har sama da ƙofa mai sakata.

Sai dai babbar matsalarmu ita ce sau da yawa babu ƙofar ma sam. Binciken da gwamnatin tarayya ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna kimanin mutum miliyan 48 a Nijeriya suna bahaya a fili. A Nuwamba 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan wannan masarauta ta Daura, ya sa hannu a umarni mai lamba 009 da nufin kawo ƙarshen wannan al'ada kafin ƙarshen 2025. Shekarar ta zo ba a kai ga gaci ba a ƙasa baki ɗaya, ko da yake maƙwabciyarmu Jigawa ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta rabu da bahaya a fili a 2022. Wa ya fi shan wahalar rashin makewayi? Mace ce, wadda take daurewa tun safe har duhu ya yi sannan ta nufi bayan gari, inda maciji da mugun mutum suke. Yarinya ce, wadda take ƙin zuwa makaranta a kwanakin al'adarta. Gurgu ne da tsoho da mai ciwon yoyon fitsari. Duk wanda yake kumfar baki a kan mutuncin mata saboda labarin Amurka, alhali makarantar 'yarsa ba ta da masai mai ƙofa, ya bar jaki yana dukan taiki.

6. ABIN DA ZA MU YI

Na ɗaya, kowace majami'a da makarantarmu ta duba makewayinta kafin ta duba na wasu. A ware na mata daban da na maza, ƙofofinsu kada su fuskanci juna, a sa sakata ta ciki, da ruwa, da fitila. Wannan haƙƙin mata ne, ba alfarma ba.

Na biyu, in ana gini, a ƙara ɗaki ɗaya a gefe, mai faɗi, mai cin mutum ɗaya, wanda ba a rubuta maza ko mata a jikinsa ba. Zai amfani mai keken guragu, da tsohuwar da ɗanta yake rakowa, da uban da ya zo da ƙaramar 'yarsa, da mata-maza, da baƙon da shiga kowane ɓangare zai jawo masa ko wa wasu tashin hankali. Ba wanda zai san dalilin shigar wani. 

Na uku, Kirista ba ya sa hannu a tuɓe mutum, ko duka, ko jifa, ko yi masa ature, ba ya ɗaukar hotonsa, ba ya kuma tura hoton da wani ya ɗauka. In taro ya tashi a kan wani, a nemi dattawa da mai unguwa da jami'an tsaro, a raba shi da hannun jama'a.

Na huɗu, in wani ya leƙa mata, ko ya taɓa yaro, ko ya bi yarinya makewayi, a kai shi gaban hukuma ko da wace riga ya sa, ko da ɗan wane ne. Aikin da mutum ya yi ake hukuntawa. Mu kuma tuna cewa yawancin masu cutar da yara sanannu ne a gida da unguwa, shigarsu ba ta bambanta da ta kowa ba.

Na biyar, iyayen da aka haifa musu jariri mata-maza kada su ɓoye shi don kunya, kada kuma su kai shi wurin wanzami. A nufi babban asibiti inda akwai ƙwararru, a nemi shawarar Fada, a kuma riƙe sirrin yaron. Iyayen da suka ga ɗansu yana ɗaukar ɗabi'un mata, ko 'yarsu tana ƙin zamanta mace, su sani duka da kora ba su taɓa gyara kowa ba, sai dai su tura yaro tasha hannun masu lalata shi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A zauna da shi, a saurare shi, a faɗa masa koyarwar Ikilisiya da taushin murya, a bar masa ƙofar gida a buɗe.

Na shida, mu da muke zaune tsakanin 'yan'uwa Musulmi, masu girmama sutura da rufin asiri kamar yadda muke yi, wannan aiki ne da za mu iya yi tare: a je wurin sarkin kasuwa da shugabannin tasha da ƙaramar hukuma a nemi gidan wanka da bahaya mai tsabta, mai ƙofofi, a kuma taimaka wajen kula da shi.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, Ikilisiya ba ta ce mana namiji zai iya zama mace ba, ba kuma za ta ce ba. Haka nan ba ta ba mu izinin wulaƙanta wanda yake fama da wannan tambaya a jikinsa ko a ransa ba. Daga kalmar mutum aka samo mutunci, duk wanda aka haifa mutum da nasa ya zo. A ranar shari'a za a tambaye mu wanda muka suturta sa'ad da yake tsirara. Gara a same mu cikin masu gina ƙofa da a same mu cikin masu gadinta da duwatsu a hannu.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Mene ne bambanci tsakanin mata-maza, ɗan daudu da mai sauya jinsi? Wace illa ke cikin haɗa su?
2. Wane tsoro ne kowane ɓangare yake da shi a gardamar ƙasashen waje? Wanne ne ka fi saurin rainawa, kuma don me?
3. A Yahaya sura 8, me ya sa Yesu ya sallami taron kafin ya gargaɗi matar?
4. Yaya makewayin majami'armu da makarantarmu yake a yau? Mace za ta iya shiga da dare ba tsoro? Wa zai ɗauki nauyin gyara, kuma zuwa yaushe?
5. In ka tarar ana yi wa wani ature a kasuwa saboda shigarsa ko tafiyarsa, mene ne mataki na farko da za ka ɗauka?

ADDU'A

Ya Allah Uba, kai da ka halicce mu maza da mata cikin kamanninka, ka kuma suturta iyayenmu na farko a ranar kunyarsu, ka ba mu zuciyar da za ta riƙe gaskiyarka ba tare da taurin kai ba. Ka kiyaye matanmu da 'ya'yanmu daga masu mugun nufi. Ka ta'azantar da waɗanda suke cikin ruɗani game da jikinsu, ka nuna musu hanyarka. Ka tsare hannuwanmu daga dutse, da bakinmu daga tonon asiri. Muna roƙo ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.